Tekno mai amon ƙarfe da hadko suna cinye mana tuwita, yaya ake yi da su?

Ɗan Rumde, Garwa:

Assalamu alaikum iyayen gida da yayye a sana'ar sono, wato kayan sauti na taro. Ina neman a haska mini wani abu.

Yanzu a Garwa da wuya a yi shagalin gama jarrabawa ko taron samari ba a samu masu zuwa wajen miksa da waya a hannu suna cewa a sa musu kiɗan nan na Turai mai gudu ba, wanda suke gani a TikTok. Wani ya ce tekno, wani ya ce hadko, wani ya ce indastiriyal. Babu waƙa a ciki, bugu ne zalla da amon ƙarfe.

Kayan aikin su ne akwatin bas biyu masu inci 18, kowanne wat 500 a om 8, akwatin sama biyu masu inci 15 da tuwita (ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti), amfili (na'urar ƙara ƙarfin sauti) biyu, da janareta mai kVA 3,5. Da makosa da kupe-dekale da afrobit da waƙoƙin Hausa kayan nan kwana suke yi suna aiki lafiya lau. Da an sa wancan kiɗan kuwa, kafin minti ashirin amfilin bas ya ɗauke, akwati ya fara warin ƙuna, tuwita ta yi shiru. Alhali maɓallin ƙara yana inda yake kullum.

Tambayoyina uku ne. Mene ne bambancin waɗannan sunaye, kuma me ya sa abin ya bazu haka yanzu? Me yake ƙona kayan? Sannan mai manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio a ƙaramar kwamfuta, ta ina zai fara haɗa irin wannan bugun da kansa? Allah ya saka da alheri.

Baban Sono, Marwa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Tarihin na bar wa yara masu haɗa kiɗa, ni zan taɓa maganar ƙuna.

Maɓallin ƙara bai motsa ba, gaskiya ne, amma abin da ke shiga bobin ya ninka. Bobin ɗin lasifika, wato siririyar wayar da aka naɗe a bayan kwalin, ba ƙololuwar bugu ke kashe ta ba, zafin da ke taruwa ne. Makosa kamar mai daka take, tana sauke taɓarya tana ɗagawa, tsakanin bugu da bugu bobin tana shan iska. Hadko injin niƙa ne, tunda aka tayar ba ya ɗagawa. A lissafi, waƙar da tazarar ƙololuwarta da matsakaicin ƙarfinta ya kai desibel (dB) 12, zafin da take ba bobin kashi 1 ne cikin 16 na ƙarfin ƙololuwa. Wannan kiɗan an matse shi, an aske kansa tun a situdiyo, tazarar tana sauka dB 6 ko ƙasa da haka, wato kashi 1 cikin 4. Ninki huɗu ke nan a maɓalli ɗaya. Ga wani tarko kuma: idan bobin ta yi zafi juriyarta tana ƙaruwa, ƙara ta ragu da wajen dB 3, DJ ya ji bas ya yi sanyi ya ƙara wuta, shi ke nan an gama da ita.

Tuwita kuma nata daban. A kiɗan da muka saba ƙarfin da ke sama da Hz 2.000 kaɗan ne, shi ya sa tuwita mai wat 40 ko 50 take zaune lafiya cikin akwati mai wat 400. Shi wannan kiɗan da gangan ake ƙazanta shi da distoshan, distoshan kuwa aikinsa ke nan, ya haifar da sautuka na sama daga na ƙasa. Sai tuwita ta riƙa ɗaukar kayan da ba nata ba. In ka haɗa da jar fitila a miksa ko a amfili, ka ƙazanta ƙazantacce. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kunne ba ya ganewa, domin kiɗan dama da kaushinsa ya zo, ba za ka bambance kaushin mai haɗawa da kukan amfilinka ba. Don haka a wannan kiɗan ido ake bi, ba kunne ba: miksa ta tsaya a kore, rawaya sai jefi-jefi, ja haramun.

Magani shi ne ka sa na'urar raba sauti mai limita, wato abin da ke hana ƙarfi wuce iyakar da aka saita, tsakanin miksa da amfili. Ba sai mai tsada ba, muddin tana da filta da limita a kowace mafita. Ga saiti:

Bas, yanke duk abin da ke ƙasa da Hz 40 da gangaren dB 24. Akwati mai rami, in sauti ya sauka ƙasa da inda aka daidaita raminsa, kwalin yana lilo ne a banza har ya daki ƙarfe ko ya yage. Sama kuma ka tsayar da shi a Hz 90 zuwa 100, daga nan akwatunan sama su karɓa. Kada ka bar masu inci 15 suna ɗaukar bas tare da manya.

Limita, ka auna da mita, kada ka yi da ka. Ninka wat da om ka cire tushen murabba'i: 500 sau 8 ya ba da 4.000, tushensa bolt 63. Wannan iyakar da kamfani ya auna ke nan a ɗaki mai sanyi. Mu da muke aiki a zafin Afrilu da ya haura digiri 40, da kiɗan da ba ya hutawa, rage dB 3, ya zama bolt 45. Cire wayoyin lasifika daga amfili, buɗe maɓallan amfilin har ƙarshe, sa tsantsar sauti na Hz 60 daga kwamfuta, ɗora mita a gefen AC a bakin mafita, ɗaga miksa har allura ta wuce 45, sannan ka yi ta sauke limita har ta tsaya a 45 cif. Saurin kamawa ka fara da milisakan 16, sakewa 256. Daga nan ka kulle na'urar, domin duk DJ da ya zo sai ya so taɓawa. Kuma wat ɗin da za ka yi lissafi da shi wanda aka rubuta RMS ko AES ne. Wanda aka manna da manyan baƙaƙe da PMPO a gefensa, talla ce.

Tuwita, in tana da amfilinta daban, kada ta karɓi ƙasa da Hz 1.800, iyakarta kuma bolt 20 ne ga mai wat 50 a om 8, ka rage ya koma 14. Ƙaramar mita ba ta karanta sautin sama daidai, saboda haka ka auna ninkin amfilin da Hz 60 ɗin nan ka yi lissafi. Sa mata kondansa mara kai da gindi mai µF 20 a layi, don tsaro ranar da wani ya juya wayoyi. In kuwa filtar cikin akwati ce ke raba musu, tsohuwar dabarar nan tana aiki: ƙwan fitilar mota mai bolt 12, wat 21, a layi da tuwitar. Ƙarfi ya yi yawa, ƙwan ya kama, juriyarsa ta hau, ya shanye rarar. In ka ga yana haske ba ƙyaftawa, rage.

Ɗaukewar amfili kuma duba abu biyu. Bas biyu masu om 8 a baki ɗaya om 4 ne, ya yi. Idan ka yi wa amfilin gada, wato ka haɗe ɓangarorinsa biyu suka zama ɗaya, ka ɗora su biyun a kai, kowane ɓangare om 2 yake gani, kuma yawancin amfilin da ke kasuwanninmu ba sa jure haka minti goma da irin wannan kiɗan. Na biyu ƙura. Bayan hazon hunturu haƙarƙarin sanyaya amfili yana toshewa. Buɗe murfi ka hure, bar tazarar yatsa uku tsakanin amfili da amfili, fanka ta tura iska ta inda nasa fankan ke ja, ba ta yi faɗa da shi ba.

Kafin komai gwada wayoyin bas da batir mai bolt 9: ja a kan ƙari, kwali ya fito waje. In ɗaya ya fito ɗaya ya shige, suna cinye juna, kai kuma kana ta ƙara wuta kana neman bas ɗin da ba zai zo ba.

Mai Rugugi, Njamena:

Baba ya gama magana a kan kaya, Allah ya ƙara girma. Ɗan'uwa, ga amsar tambayarka ta farko da ta uku.

Tekno a Detroit ta Amurka aka haife shi a tsakiyar shekarun 1980, a hannun baƙaƙen fata irin su Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson. Indastiriyal ya girme shi: Throbbing Gristle a Ingila suka kafa Industrial Records a 1976, Einstürzende Neubauten kuma suka fito a Balin ta Jamus a 1980 suna kiɗa da tarkacen ƙarfe da injin huda. Inda biyun suka haɗu sosai shi ne Bamingam ta Ingila, wajen kamfanin faifai na Downwards da masu haɗa kiɗa Regis da Female suka kafa a 1993, tare da Surgeon, daga baya Perc Trax a Landan a 2004. Wannan shi ne indastiriyal tekno: bugu 130 zuwa 145 a minti, duhu, maimaici, amon ƙarfe, rugugi a ƙasa. Hadko ya taso ta wajen Marc Acardipane a Farankfot a 1990, ya yi gida a Holan, inda Paul Elstak ya buɗe Rotterdam Records a 1992, shekarar da aka fara bikin Thunderdome. Can ake ce masa gabber, bugu 160 zuwa 200, kuma kik, wato bugun babbar ganga, shi da kansa ne ke ɗauke da murya. Abin da samarin Garwa ke nuna maka a waya galibi na tsakiya ne, had tekno, 145 zuwa 160, wanda ya ari kaushin wancan da gudun wannan. Ka saurari Paula Temple, I Hate Models, 999999999 da Sara Landry za ka ji tazarar da kunnenka.

Bazuwarsa kuwa, bayan kullen korona da aka sake buɗe gidajen rawa a Turai gudun kiɗa ya hau, tashoshin intanet irin su Boiler Room da HÖR suna nuna DJ ido da ido, guntun bidiyo na sakan ashirin kuma ba ya jiran kiɗan da ke ginuwa a hankali, wanda ya faɗo da ƙarfi nan take yake so. Babu harshe a ciki, ɗan Garwa da ɗan Milan abu ɗaya suke ji. Kuma na'urar da aka gina shi a kanta, Roland TR-909 ta 1983, yau sautukanta kyauta ne a kowace kwamfuta. A 2024 ma Jamus ta sa al'adar teknon Balin a jerin kayan gadonta na ƙasa.

Yanzu haɗawa. Sa gudu a 150. Raba 60.000 da 150, bugu ɗaya milisakan 400 ne, rubu'insa 100. Riƙe waɗannan biyun, duk saitin da ke tafe daga su yake fita.

Ɗauki kik ɗin 909 ka jera shi a kowane bugu. Rage wutsiyarsa ta tsaya wajen milisakan 180, ka lafar da ƙarshen a hankali cikin milisakan 10, in ba haka ba zai riƙa yin ƙas a wurin yankan. Daidaita muryarsa ta zauna a G, Hz 49, ko A, Hz 55. Mutanen Turai suna son F, Hz 43,6, domin akwatunansu suna sauka can. Namu na kafinta yawanci ba sa kaiwa, kuma Baba ya ce a yanke a 40, to kik mai F rabinsa zai tafi a filta.

Rugugi shi ne zuciyar abin, kuma nan mutane suka fi ɓata. Tura kik zuwa layi na biyu a miksar FL, ka jera haka, kuma jerin yana da muhimmanci. Fruity Reeverb 2, busasshen sauti a sifiri, jiƙaƙƙe cikakke, jinkirin mutuwa sakan 1,5, kuma ka sauke yankan ƙasa na cikinsa har ƙarshe, domin a yadda ya zo yana zubar da bas ɗin da kake nema. Sai Fruity Blood Overdrive ko Fast Dist, matsakaici. Sai Parametric EQ 2, mai ɗagawa ko rage wani sashe na sauti: yanke sama da Hz 130, yanke ƙasa da 35. Mayar da layin ya zama tilo, ba hagu ba dama. A ƙarshe Fruity Limiter a gefen matsewa, kik ya zama mai ba shi umarni: kamawa kusan sifiri, sakewa milisakan 120 zuwa 150, ya nutse aƙalla dB 12 duk sanda kik ya sauka. In kana so ya yi birgima, sa Fruity Delay mai milisakan 100 kafin amsa-kuwwar.

Abin da ke lalacewa: idan sakewar ta gajarta, rugugi ya dawo kik bai gama ba, su haɗu a Hz 50, wani bugun ya kumbura wani ya ɓace. Idan ta yi tsawo, ta wuce milisakan 300, rugugin ba ya samun lokacin tashi. Amsa-kuwwa kuma ba ta maimaita kanta daidai, to da ka samu wanda ya yi maka, naɗe shi da Edison, yanki bugu ɗaya mafi kyau ka riƙa jera shi. Wannan yana sauke wa kwamfuta mai RAM giga 4 nauyi ƙwarai.

Kik ɗin hadko hanyarsa daban. Babu rugugi a gefe, wutsiyar kik ce ke cika bugun. A gudu 180 bugu milisakan 333 ne, wutsiya ta kai wajen 300. Sirrin yana cikin EQ kafin distoshan: ɗaga siririn tsini na dB 9 zuwa 12, ka ja shi tsakanin Hz 300 da 900 har ka ji haushin da kake so, sai distoshan, sai EQ a share ƙaiƙayin 3.000 zuwa 5.000, sai distoshan na biyu mai sauƙi. Hawa biyu ko uku marasa yawa sun fi hawa ɗaya da aka murɗe har ƙarshe. Naɗe sakamakon, raba kai da wutsiya: kai, milisakan 40 na farko, ya zauna yadda yake, wutsiya kaɗai za ka riƙa sauya wa murya. Idan ka ji wani siririn fito da bai dace da muryar kik ba, kunna ninkin samfur na cikin na'urar distoshan ɗin, sau 4.

Lasifikar waya ba ta fitar da Hz 50 ko kusa. Abin da ake ji a TikTok 'ya'yan da distoshan ya haifa ne, 150, 250, 350. Shi ya sa kik mai tsabta ke ɓacewa a waya. Gwada naka a waya da belin kunne da akwati kafin ka ce ya yi.

Jeri kuma, bugu huɗu gida ɗaya ne, kowane gida 16 wani abu ya shigo ko ya fita. Gida 32 na farko, sakan 51 a gudu 150, ka bar shi kik da kayan kaɗawa zalla don DJ ya samu wurin haɗawa. Wajen fitarwa ƙololuwa ta tsaya a dB 1 ƙasa da sifiri, ƙarfi a ma'aunin LUFS wajen 8 ƙasa da sifiri. Na waje suna matsawa har 6 ko 5. Ban ga amfanin bin su ba, tunda kayanmu ne za su biya.

Ɗan Rumde, Garwa:

Na gode Baba, na gode Mai Rugugi. Wayoyin bas na duba, daidai suke, ba gada. Sai dai ko da an rage ƙara, fitilun wurin suna lumshewa da kowane bugu, janareta kuma yana nishi. Wannan daga amfili ne ko daga wuta?

Injiniya Ngaundere:

Daga wuta ne, ƙanena, kuma ina ganin rabin ɗaukewar amfilinka ma daga nan take. Baba, a gafarce ni, limita kaɗai ba za ta warkar da wannan ba.

kVA 3,5 ba wat 3.500 ba ne. A kan janaretan da aka auna da 0,8, wat 2.800 ne, a iska mai digiri 25, a bakin teku. Zafin Garwa yana ci, a nan Ngaundere da muke sama da mita 1.000 tsawo ma yana cin kusan kashi 10 cikin ɗari. Takardar kowane amfili na kirki tana nuna wutar da yake ja a kashi 1 cikin 8 na ƙarfinsa, wato kiɗan yau da kullum, da kashi 1 cikin 3, wato matsattsen kiɗa irin wannan. Layi na biyun za ka karanta. Misali amfili biyu da jimillarsu wat 3.000: sulusi wat 1.000 ne ke fita, tsohon amfili mai nauyin taransifoma rabin abin da ya ja zafi yake zama, to wat 2.000 ke shiga. Kuma ba a shimfiɗe yake jan wutar ba, fizga yake yi, wanda ke kai nauyin kan janareta wajen kVA 3. Ƙara fitilu da fanka, ka riga ka cika shi. Kik yana fizga sau biyu da rabi a sakan, gwamnan injin, wato abin da ke daidaita gudunsa, ba ya iya bin wannan saurin, wuta ta faɗi, amfili ya fara aske sauti tun bai kai bolt 45 ɗin da aka saita ba. Limita tana zaune ba ta san abin da ake ciki ba. Nemi mai kVA 6 ko 7, kada nauyi ya wuce kashi 60 cikin ɗari. In mai inbata ne, kashe maɓallin tsimin mai.

Wayar wuta ma tana ci. Mita 50 na waya mai mm² 1,5, zuwa da dawowa, om 1,17 ne; a amfiya 16 ka zubar da kusan bolt 19 a hanya. Mai 2,5 bolt 11 take zubarwa, mai 4 bolt 7. Warware ta duka daga kan gwangwaninta, naɗaɗɗiya zafi take yi. Auna a bakin amfili kiɗa yana tafiya: in wutar ta sauka ƙasa da bolt 200, tsaya. Fitilu su bi layinsu daban.

Kada ka sa amfilin bas a bayan regilata, wato na'urar daidaita wuta, mai ƙas-ƙas ko mai mota. Kafin ya gyara faɗuwar bugun nan bugun ya wuce, sai ya ɗaga wuta daidai lokacin da ba a buƙata. Miksa da kwamfuta da na'urar raba sauti su za a ba ƙaramin ondila, wato na'urar batir mai riƙe wuta idan ta ɗauke. Wutar gari kuma, da yake arewacin Kamaru ya dogara ƙwarai da madatsar Lagdo mai megawat 72, ruwanta kuma yana ja baya da rani, ka ɗauka za a iya ɗaukewa tsakiyar taro: da ta tafi a kashe amfili nan take. Kullum amfili ne ƙarshen kunnawa, farkon kashewa.

Sandar ƙasa mai mita 1,5, a kafa a jiƙa wurin, a ɗaure jikin janareta da ita. Idan cajar kwamfuta na kawo gurnani, akwatin DI, wanda ake sawa tsakanin kwamfuta da miksa, shi ne magani, ba karya ƙafar ƙasa ta fulogi ba. Janareta a fili, nesa da mutane da taga, kuma ba a zuba masa mai yana aiki.

Yaya Kusiri:

Duk abin da aka faɗa daidai ne, sai abu ɗaya da ban yarda da Mai Rugugi a kai ba. Ya jero sunayen Turai kaɗai, kamar can ne kawai makaranta. Kiɗan singeli na Darussalam ta Tanzaniya yana haura bugu 200 a minti, a unguwannin talakawa aka haɗa shi da ƙananan kwamfutoci. Gqom na Durban ta Afirka ta Kudu duhunsa bai gaza na Balin ba. Bikin Nyege Nyege da aka fara a Jinja ta Yuganda a 2015, da kamfaninsu da reshensa Hakuna Kulala, su suka kai Slikback na Kenya da kiɗan balani na DJ Diaki na Mali manyan dandalin Turai. Ba da kwaikwayo suka shiga ba. Mu da muke da maƙera a kowace kasuwa, me zai sa mu sauke amon ƙarfen wani?

Ɗauki naka. Masaba a kan uwar maƙera, kwanon rufi, ƙofar shago, injin markaɗe, sarƙar amalanke. Wayar hannu ta isa idan ka naɗa a WAV, Hz 48.000, tazarar kamu biyu, ƙololuwa dB 12 ƙasa da sifiri, ka rufe makirfo da soso saboda iska. A kwamfuta yanke ƙasa da Hz 200 don kada ya shiga gonar kik, sauke muryar da rabin-murya 5 zuwa 12, ɗan distoshan, gajeriyar amsa-kuwwa ta sakan 0,4. Janareta mai juyi 3.000 a minti gurnaninsa Hz 50 ne. In ka ɗora shi a kan kik mai G, 49, za su riƙa kumbura suna lafawa sau ɗaya a sakan. Ko ka daidaita su, ko ka yanke ƙasan. Kalangu yana zama da kyau saboda muryarsa na hawa da sauka, amma bugunsa sau da yawa uku-uku yake tafiya, to ka sauya ragar FL zuwa uku, kada ka tilasta masa huɗu ka kashe shi. Algaita ƙarfinta yana inda kunne ya fi jin zafi, rage dB 4 wajen Hz 3.000 kafin distoshan. Ka nemi izinin makaɗin, ka biya shi, ka gaya masa inda za a sa. Kakaki da tambari na fada ne, a bar wa Lamiɗo abinsa. Kiran salla da karatu kuwa ko kusa: a 2017 wani DJ ɗan Ingila ya sa kiran salla cikin tekno a Tunusiya, aka rufe gidan, kotu ta yanke masa shekara ɗaya a bayan idonsa.

Wajen sawa a taro, kada ka yi tsalle daga amapiyano mai 112 zuwa 150, fili zai watse. Hau tsani: afro haus 123, gqom 127, tekno 135, sannan 145. Ko ka yi wannan: mayar da amapiyanon 112,5, ka kama madaukin bugu uku, milisakan 1.600 ke nan, daidai da bugu huɗu a 150. Shigo da kik ɗin a kai, ka janye bas ɗin na farko. Minti 15 zuwa 20 ya ishi taron da ba don shi aka zo ba. Kuma kada ka sa fayil ɗin da aka ciro daga bidiyo ko aka tura ta WhatsApp a matsayin murya; matsewar tana mayar da saman kiɗan nan tsaki zalla. WAV ko MP3 mai 320, a turo shi a matsayin takarda.

Kunne kuma ba ya da bobin da za a sake naɗawa. Desibel 85 awa takwas ne, kowane ƙarin 3 yana raba lokacin biyu, 100 minti 15 ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2022 iyakar da ta ba wuraren kiɗa 100 ne a matsakaicin minti 15. Ɗaga akwatunan sama su wuce kan mutane, ja igiya mita biyu gaban bas, kai ma ka sa abin toshe kunne. Sautin Hz 50 tsawon zangonsa kusan mita 7 ne, katangar gida ba ta tare shi. Sanar da Jauro, wato mai unguwa, da maƙwabta, a kai takarda ofishin sufirefe, wato shugaban gunduma, tun da wuri, a tashi tun kafin dare ya raba.

Mai Rugugi, Njamena:

Na karɓi gyara, Yaya. Ƙari ɗaya: in aka sa kalangu, a ba shi nutsewar dB 3 zuwa 4 kawai a ƙarƙashin kik, ba 12 irin ta rugugi ba, don kada hawan muryarsa ya gutsure.

Baban Sono, Marwa:

Injiniya ya yi gaskiya, a gyara wuta tukuna sannan a saita limita, kuma a saita ta a kan janaretan da za a yi aikin da shi. Ƙanena, tuwitar da ta yi shiru ɗora mata mita: mai om 8 lafiyayya tana nuna 5 zuwa 7, in ba ta nuna komai ba fatar da ke kaɗawa a cikinta ce ta tafi, ita kaɗai za ka sauya, amma ka share ramin maganaɗisun da salatif kafin ka sa sabuwa. Bas ɗin da ya yi wari, danna kwalinsa a hankali da yatsu a kewayen tsakiya. In ka ji yana gogawa bobin ta kumbura, a kai ta naɗi tun ba ta haɗe ta tafi da amfilin ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: kwana biyu kafin taro ka sa kiɗan minti talatin a cikakken saiti da rana tsaka, kana taɓa bayan amfili kowane minti biyar, sannan ka rubuto mana abin da mita ta nuna a bakin fulogi.